Cinikin Filin Shanya

Yap Tiam dillalin taliyar shinkafa ne. Shekarar da Japanawa suka yarda 'yan Taiwan su zaɓi rabin majalisar lardi, garinmu ya tura mu biyu. Ni saboda na karanta likitanci a Tokyo, shi kuma saboda rabin gidajen gari ta hannunsa suke ci.

"Kai ka yi musu Japananci mai daɗi, Likita," in ji shi. "Maganar ka bar mini."

A zaman majalisa na lokacin kaka gwamnan lardi ya kawo batun filin bakin kogi. Nan matan gari ke shanya taliya idan iskar arewa ta taso, kuma babu wani wuri da take bugawa haka. Gwamnati na son ta kewaye shi don faretin 'yan sanda. In aka kewaye, sana'ar matan ta mutu, ta Tiam ma ta bi ta. Ban taɓa cewa tausayi ne ya tashe shi ba.

Gwamna na da masu goyon bayan da suka ishe shi. Sai dai ya gayyato ɗan jarida daga Tokyo da na'urar hoto, yana son a ga kowa da hannu sama, mu da Japanawa.

Tiam ya miƙe.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Japanancinsa na kasuwa, "ya yi tsada."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

A kasuwarmu, in mai saye ya juya baya, ciniki na nan da rai har sai ya wuce ƙofa ba a kira shi ba. Kuma ba a sa baki a cinikin wani. Mutanenmu na majalisa duk 'yan kasuwa ne, mai shayi da mai katako da sauransu. Suka zura hannuwa cikin riga suka zuba wa ƙofa ido. Ɗan jarida ya ɗago kai daga na'urarsa.

"Likita Kho," in ji gwamna, "ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe. Jira yake a kira shi."

"To, kira shi."

"Mai kaya ne ke kira."

Gwamna ya tura masinja. Ta taga na ga Tiam ya kore shi da hula ba tare da ya waiwaya ba. Ya ci gaba da tafiya, amma kamar mai taka ƙwai. Tsakar gidan ba ta da tsawo. Ya tsaya ya ɗaure igiyar takalmi, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ya tsaya ya duba wata bishiya kamar zai taya ta. A bakin ƙofa akwai tsohuwa mai rake. Ya tsaya daga ciki ya miƙa hannu ya zaɓi ɗaya, ya mayar, ya zaɓi wani.

"In ya fita fa?" Gwamna ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Ba zai dawo ba. Waɗannan ma za su bi shi."

Ɗan jarida ya fara juya na'urarsa wajen taga. Gwamna ya riga shi isa.

"Yap-san!" ya ƙwala wa Tiam kira.

Tiam bai juyo nan take ba. Sai da ya gatsa rake, ya tauna, ya tofar, sannan ya dawo da sandar raken a hamata.

Abin da ya biyo baya bai yi kama da majalisa ba. Gwamna ya ce rabin fili. Tiam ya yi dariya ya kama hula. Aka tsaya a kan haka: ba katanga, mata su yi shanya duk lokacin iska, 'yan sanda su yi faretinsu da bazara, lokacin da ba mai son filin. Hannuwa suka tashi, aka ɗauki hoto. Har gwamna ya yi murmushi, don shi ma ya samu abin da ya fito nema.

Da muka isa gari, labari ya riga mu. Matan suka tare mu a gada da ganguna, aka kunna 'yan tartsatsi, aka dafa taliya da kabewa a manyan tukwane, kowa ya ci a tsaye.

"Yaya Tiam," na ce, "da bai kira ka ba fa?"

"Kai, rufa mini asiri. A rikice nake. Ka taɓa ganin na sayi rake ban taya ba, in ba yau ba?"

Wata tsohuwa cikin masu shanya ta ƙara masa a kwano.

"Ranka ya daɗe ɗan majalisa," ta ce, "tunda fili ya tsira, sai a gyara mana farashi."

Tiam ya ajiye kwano, ya ɗauki hularsa, ya juya baya. Matan suka fashe da dariya, ba wadda ta kira shi. Bai kai ƙarshen gada ba ya dawo da kansa.