Abin da Ke Ƙarƙashin Ɗakin Inna

Shayin cikin kofi ne ya fara rawa, sannan fankar sama ta kama lilo. Nuriyya ta suri 'yarta Hanan, ta yafa zanin gado, ta bi matakala tana salati. A ƙasa, mutanen dogon benensu na Setapak sun yi cirko-cirko, wasu ko takalmi babu. Girgizar ƙasa aka yi can Sumatra, ɓurɓushinta ya iso Kuala Lumpur.

Mijinta Salisu ya iso daga wurin aikinsa a unguwar Wangsa Maju yana haki. "Wallahi mu can ba mu ji komai ba!"

"Ku a kan tudu kuke, Abban Hanan. Nan tsohon ramin kuza ne aka cike. Ƙasa mai laushi kaɗawa take kamar koko a kwano. Ba don magina sun auna ta sun kafa ginshiƙai har tsandauri ba, da yanzu wani zancen ake."

Salisu ya sunkuyar da kai. Karatun da ya kawo Nuriyya Kuala Lumpur ke nan, ilimin ƙasa da gini, amma a gidanta ya zama na banza. Yayansa Badamasi na shirin tayar musu da bene hawa uku a Kano, a kan kududdufin da aka cike da shara, ɗakin Inna mahaifiyarsu a ƙasa. Bakinta har ya gaji da cewa a auna filin. Ina! Ƙani ba ya gyara wa yaya, balle matar ƙani. Kullum amsar ɗaya ce: ai ba a girgizar ƙasa a Kano, kowa ma haka yake gini.

"Kududdufi ba ya jiran girgiza," ta ce a hankali. "Damina ta ishe shi. Ni Inna nake ji wa tsoro."

Ya dubi Hanan da ke maƙale da ita. Ya ciro waya.

"Yaya, don girman Allah a dakata da zuba kankare."

* * *

An yi fushi, an daina gaisawa, amma an kawo injin haƙa. Ranar, Inna da kanta ta kira su ta bidiyo, tana tsaye bakin rami, baƙin taɓo da ledoji jibge a gefenta.

"Ina Nuriyyar? Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Ta ɗago wani ruɓaɓɓen silifa da bakin sandarta, tana juya shi.

"Kin ga wannan? Daidai inda za a sa gadona aka tono shi."