Ganye a Jikin Kati

Baba Mai Rini ya warware yadin a kan dogon tebur, ya danne bakinsa da almakashi don kada fanka ta ɗaga shi, sannan ya ja da baya yana goge hannu a rigar aikinsa. Mai zanen da suke kira Ta Sama ta tsaya da jakar asibiti a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba tun da ta sauko daga mota. Ta daɗe tana kallon yadin.

Zanen nata ne, babu tantama. Ga ganyayen nan dogaye suna rataye kai ƙasa, biyar-biyar, ga jijiyar tsakiya da ta kwashe sati biyu tana sirantawa. Inda zanen ya ƙare ya sake farawa ma ya haɗu lafiya, ita kanta sai da ta nema kafin ta ga mahaɗin. Launin ne kawai ba nata ba. Ruwan ƙasa ne mai duhu, kamar shayin da ya kwana a kofi.

"Baba, wannan kalar fa?"

"Ita kika ba ni, 'yata."

Ya jawo katin aiki daga aljihu ya miƙa mata. A masana'antar nan haka ake yi: mai zane ya yanko ƙyallen launin da yake so, ya maƙala shi da fil a jikin kati, ya aika ƙasa. Baba ya zauna da bokitansa, ɗigo bayan ɗigo, har sai abin da ke cikin bokiti ya zama ɗaya da abin da ke jikin kati. Shekara talatin yana wannan aiki, kuma abin alfaharinsa shi ne bai taɓa tambayar mai zane me yake nufi ba. Abin da ka maƙala shi za ka samu.

A jikin nata katin ba ƙyalle ba ne. Ganyen mangwaro ne, ya bushe ya nannaɗe, ya yi duhu. A ƙarƙashinsa da rubutun hannunta: irin wannan daidai. Ta ɗora shi a kan yadin, sai ganyen ya ɓace a ciki. Ko kaɗan Baba bai kuskure ba.

Ranar Litinin ta tsinko shi, daga bishiyar da ke bayan ɗakin da aka kwantar da mahaifiyarta. Sabon toho ne a lokacin, mai laushi kamar kunnen jariri, launinsa tsakanin ja da ruwan hoda da wani abu kamar tagulla. Ta duba littafin launuka na ofis daga farko har ƙarshe ba ta sami irinsa ba, ta duba kwandon ƙyallaye ma babu. Ana cikin haka ƙanwarta ta kira ta ce likita na neman babba a cikinsu. Sai ta maƙala ganyen kansa ta fita da gudu, a tunaninta Baba zai haɗa a ranar. Inji kuwa yana kan wani aiki, Baba bai kai ga katinta ba sai Alhamis.

Shekara huɗu ke nan tana ƙaramin ɗakin da ke saman injuna, shi ya sa ma'aikata suke ce mata Ta Sama. Aikinta a can shi ne a kawo mata atamfar da ta yi kasuwa a wani wuri, ta ɗan karkata fure, ta ƙara ɗigo, a buga. Sau uku tana hawa ofishin Manaja da zanenta a hannu tana dawowa ba ta buɗe baki ba. A na huɗu ya gaji da ganinta a bakin ƙofa, ya ce ta yi guda ɗaya a nuna wa Hajiya, wadda ke kwashe rabin abin da suke bugawa zuwa shagunanta. In ta ɗauka, a buga. In ba ta ɗauka ba, kada a sake tayar da maganar. Hajiya kuwa yau za ta zo, ƙarfe biyu.

Ta Sama ta tambayi Baba ko za a iya sakewa. Ya ce haɗa launi ba komai ba ne, amma bugawa da turarawa da shanya sai gobe, kuma ko za a yi, da me zai gwada? Ta nuna masa hoton ganyen a wayarta. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya karkata ta hagu, ya karkata ta dama, ya ce ga shi nan launi uku ya gani, wanne take so?

Ta koma gefe ta kira ƙanwarta, ta roƙe ta ta leƙa ta taga ta duba bishiyar, ko akwai sauran jajayen ganye. Ta ji ƙarar silifas, ta ji an ja labule.

"Yaya, ganye dai kore ne, kamar na kowa. Ke da kika kwana huɗu a kan kujera, idonki ne ya yi ja."

Ƙanwar ta ƙara da cewa Inna ta sha magani, ta yi barci, kuma kada Yaya ta manta da sabulu in za ta dawo.

Manaja ya sauko wajen ƙarfe ɗaya, yana fifita da fayil. Ya dubi yadin, ya dubi katin, ya fahimci komai ba tare da an yi masa bayani ba. Bai yi faɗa ba, ita kuwa da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Cewa ya yi duk karatun jami'ar nan ba a gaya musu ganye yana bushewa ba? Masu ninke yadi suka ƙyalƙyale da dariya, ɗaya ta ce gobe kuma tumatir za a maƙala wa Baba. Manaja ya ce in Hajiya ta tambaya, a ce da gangan aka yi, launin zamani ne.

Hajiya ta iso uku saura, ta ƙi hawa bene saboda gwiwa, aka kawo mata kujera nan bakin tebur. Mace ce mai magana a hankali, ba ta kallon yadi da ido kawai. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ga hasken ƙofa, ta yafa a kafaɗa ta sa a riƙe mata madubi. Ta bi ganye ɗaya da farce tun daga tushe har baki.

"Wa ya zana?"

Manaja ya nuna Ta Sama da haɓa.

"Hannunki na da kyau, yarinya. Ganyen nan kamar iska za ta kaɗa shi. Amma wannan kalar, ko ni da jikoki tara ba zan ɗaura ba."

Manaja ya fara maganar launin zamani. Ta Sama ta ji muryarta ta fito kafin ta shirya. Ta ce ba wannan ba ne launin, kuskure ne, kuma nata ne. Hajiya ta juyo gaba ɗaya ta tambaye ta to wane ne launin.

Ta ce ja ne, amma ba ja ba. Ta ce kamar ruwan hoda da aka ɗan ƙona. Ta ce in rana ta bi ta bayansa yakan koma kamar zuma. Tana magana tana jin yadda maganar ke zubewa a ƙasa, masu ninki sun daina ninki suna saurare. Ta ce in an ba ta lokaci, bishiyar za ta sake toho, ba ta dai san yaushe ba.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce ita masu sayenta ta waya suke kira, su ce a aiko musu mai shuɗi, ko mai ja, ko mai kore. Launin da sai an yi masa dogon bayani haka, me za su ce a aiko? Ta cire yadin daga kafaɗa ta ninke shi biyu.

"A yi min shi shuɗi da rawaya. Ganyen shuɗi, ƙasan rawaya mai haske. In ya tafi, ki kawo min wani. Kin yarda?"

Manaja yana kallon Ta Sama. Ta tuna ɗakin sama da tulin atamfofin mutane da ke jiranta a kan tebur. Ƙafafunta suna zafi tun daga dunduniya har gwiwa.

"Na yarda, Hajiya."

Manaja ya raka baƙuwa har mota, ya dawo yana murmushi, ya ce ai ya san yarinyar nan za ta yi abin kirki, shi ya sa ya matsa mata. Masu ninki suka yi mata barka, wadda ta yi maganar tumatir ta ce ita ce farkon ɗinkawa.

Ta Sama ta hau ɗakinta ta ɗauko sabon kati. Ba ta ko nema ba, ƙyallayen biyu suna saman kwando. Ta maƙala su, ta rubuta lambar zane, ta sauko.

Baba yana wanke bokiti a bakin famfo, ruwan ƙasa-ƙasa yana bin kwata. Ya karɓi katin da jiƙaƙƙen hannu, ya yi masa kallo ɗaya ya sa a aljihu. Ya ce waɗannan biyun ba sai ya haɗa ba, akwai su cike da duro tun watan jiya. Ya kashe famfo. Ya daɗe yana juya bokitin a hannunsa, kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa.

"'Yata, ban saba tambaya ba. Amma yaya yake, shi wancan launin? Faɗa min a hankali, ni ba Hajiya ba ne, zan gane."

Ta zauna a kan wani bandir ɗin yadi, karo na farko tun safe. Ta rufe ido don ta gano shi sosai kafin ta fara. Ga bishiyar, ga tagar asibiti, ga reshen da ta janyo. Amma duk lokacin da ta kai ga ganyen, ruwan ƙasan nan ne yake zuwa. Ta sake gwadawa.

Baba yana tsaye da bokiti, yana jira.