Kwalin Lemu

Shekara bakwai kamfanoni biyu masu yin kwali suna haɗa baki suna tsauwala farashi, ita kuwa Ornella Battistel tana zuba lemun gonarta ta Mildura, a ƙasar Ostareliya, a kwalayensu, tana biya har da godiya. Da asiri ya tonu, gwamnati ta ci su tara ta soke kuɗin a aljihunta. Manomi mai son diyya aka nuna masa ƙofar kotu. Ornella ta shigar da ƙara.

Yayanta Gino, mai gonar inabi a Kalifoniya, ya bugo waya yana cika baki.

"Ƙanwata, mu nan in aka cuce ka dala ɗaya, uku alƙali ke ba ka. Ko ka faɗi ba ruwanka da kuɗin lauyansu."

"To Yaya, sako mini alƙalin naku a jirgi mana."

Lauyanta, Lachlan Frew, mai takalmin da bai taɓa taka gona ba, ya ce nan ba haka ba ne. Asararka kawai ake mayar maka, kuma wanda ya faɗi shi ke biyan lauyoyin abokin shari'arsa. Na kamfanonin su shida ne. In ta faɗi, gonar ta tafi.

Sannan ya turo mata wani hoto da lauyoyin can suka tono. Allo ne da ta taɓa kafawa a bakin gona, da rubutun hannunta: "Ku yi haƙuri, kwali ya yi tsada, mun ƙara senti hamsin."

"Za su ce ba ki yi asarar komai ba, masu saye kika ɗora wa," in ji Frew.

"Haƙuri fa na ba mutane."

"Shi ne shaidarsu."

"Wato ɓarayi sun shekara bakwai ba su rubuta ko harafi ba, ni da na rubuta gaskiya ni aka kama?"

Frew ya saci kallon agogo, don da minti ake biyansa. Ornella ta ji ta raina shi, ta raina kotun, amma gonar ta fi ƙarfin zuciyarta. Ta sa hannu ta janye ƙarar.

Saura mako uku a fara tsinkar lemu, kuma duk yankin ba mai yin kwali sai su biyun nan. Tun a bakin ofishin lauyan ta kira ɗayansu ta ce a kawo mata kwali dubu huɗu. Matar da ta ɗauki wayar ta gode mata da irin amanar da ta daɗe tana ba su.