Jar Fitilar Batir

Da turi motar Yaya ta shigo garejin, mijinta a baya yana haki, ita kuma tana riƙe da sitiyari tana ba shi umarni ta taga.

"Auta," ta kira ƙanenta tun kafin ta fito, "kai ne ka gyara altanaton nan mai cajin batir, ka ce na huta. To ga hutun. Kullum da safe sai Baban yara ya tura ni. In abin ya fi ƙarfinka ka faɗa, in kai wa mai wayar tsallaken titi."

Auta ya ji wannan har cikin ransa. Shi ma gyaran wayar mota yake yi, kuma in aka ga motar yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya a garejin wani, ai ya gama jin kunya a layin.

"Yi haƙuri, Yaya. Bari mu bi abin a hankali."

Ya ɗaura wani batir, ya tayar da injin, ya ɗora mitar auna wuta. Sha biyu ta nuna, ba ta motsa ba. In da caji na shiga, da ta haura wajen sha huɗu. Ya kashe, ya danna fambel ɗin da ke juya altanato da yatsa, a ɗaure yake. Ya duba fiyus, ya bi babbar wayar da ta tashi daga altanato zuwa batir, babu inda ta tsinke.

"Tun yana yaro haka yake neman takalminsa," in ji Yaya. "Ko'ina zai duba ban da inda yake."

Saura siririyar waya guda. Auta ya murɗa makulli bai tayar da injin ba, ya gwada ta. Babu wuta. Ya leƙa dashbod. Fitilun duk sun kama, ban da jar nan ta batir.

"Yaya, yaushe rabonki da ganin jar fitila?"

"Ta daina damuna tuntuni. Da can sai ta yi ta ƙiftawa, ina ta magana, ran nan kawai ta warke."

Baban yara ya shiga kallon rufin garejin kamar yana son sayensa.

Auta ya zura hannu bayan dashbod. Gurbin ƙwan fitilar wayam.

"A tsofaffin motoci irin wannan," ya ce a hankali, "ta cikin ƙwan nan 'yar wuta take bi ta tashi altanato daga barci. In babu shi, sai ya yi ta juyi a banza. Ƙwai kuwa, a sanina, ba ya fita da ƙafarsa."

Baban yara ya yi gyaran murya. "Ni fa zaman lafiya na nema. Fitila na ƙiftawa, ke kina ƙorafi, sai na ga ɗaya daga cikinku ce kawai take ciruwa."

Auta ya juya baya yana danne dariya. Ya sa sabon ƙwai, ya ɗaure wani bakin waya da ya tarar a sake, wanda shi ne ke sa ƙiftawar tun farko, sannan ya tayar. Fitilar ta kama ta mutu, mita ta haura sha huɗu.

Yaya ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta juya ga Auta.

"Duba min hon ma tun da na zo. Kai kuma, Baban yara, hannuwanka a aljihu har mu tafi."