Abin da Mai Wanka Ya Gani

"Baba Malam, matso kusa, muryata ba ta kaiwa bakin ƙofa," in ji Khalilu.

Malam Nababa bai matsa ba. Ya tsuguna a bakin ɗakin, rabin jikinsa a waje, yana duban maƙwabcin nasa da ke kwance lulluɓe da bargo har wuya, alhali ana zafin kaka. Kulu, mahaifiyar mara lafiyar, ita ce ta kira shi ta saman danga, ba don haka ba da bai shigo ba. Shekara talatin da ɗaya yana wanke gawar mazan wannan ƙauye da ke tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, bai taɓa ɗari-ɗari da gidan mai ciwo ba sai wannan.

Watan Oktoba ne na shekarar 2014, mako biyu bayan babbar salla. Tun ranar Juma'a, ashirin ga Janairun 2012, da bama-bamai suka tashi a birnin Kano, kowane mai unguwa yake sa ido a kan baƙo. Khalilu kuwa baƙo ne a gidan ubansa. A Maiduguri ya girma. Da uban ya rasu Kulu ta dawo gida ita kaɗai, tana cewa ɗanta fataucin kifi yake yi a Baga. Sai ga shi wata mota mara lamba ta sauke shi, da gemu buzu-buzu, ba ya iya tsayuwa, kwana kaɗan bayan Bama ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. Ba wanda ya faɗi kalmar a fili, amma mata sun daina shiga gidan ɗibar wuta.

"Tambaya gare ni," in ji Khalilu. "Abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci, yakan faɗa?"

Malam Nababa ya ce, "Amana ce. Ba a faɗa."

"Ko an matsa masa?"

"Me kake ɓoyewa, ɗan nan?"

Khalilu ya yi murmushi, ya juyar da kai wajen bango. "Kifi ne ya cije ni, Baba."

Washegari da hantsi aka ji salatin Kulu. Maza sun taru a ƙofar gidan, amma a tsaitsaye, ba wanda ya zauna a tabarmar da aka shimfiɗa. Sabo dillalin hatsi, wanda kowace Lahadi yake kai labarin ƙauyen kasuwar Ɗambatta ya dawo da na duniya, shi ne ya tare Malam Nababa.

"Malam, kai ne idonmu. Ka duba mana sosai. In ɗan daji ne, wallahi ba da ni za a sallace shi ba, kuma ba zai kwanta kusa da ubana ba."

Ba a sami mai zuba masa ruwa ba. Shi kaɗai ya shiga da buta biyu da ganyen magarya, ya saki asabari. Da ya yaye bargon sai ya tsaya cik. Ɗinki ya ratsa cikin daga ƙirji zuwa mara, bai gama warkewa ba. Ga tsohon tabon harsashi a cinya, ga wani a haƙarƙari, kafaɗar dama kuma ta yi kanta irin ta wanda ya shekara goma yana saɓa bindiga. Ashe Sabo ya yi gaskiya, in ji shi a ransa. Ya ajiye butar, ya yunƙura zai fita.

Asabarin ya motsa. Hannun Kulu ne ya turo wani gwangwanin madara ta ƙasa.

"Ya ce kai kaɗai za ka gani, Malam," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

A ciki akwai lambobin yabo uku na ƙarfe, kowace da ƙyallenta mai launi, da hoton Khalilu ba gemu, cikin kakin soja, mikiya a kafaɗarsa. Malam Nababa ya yi makarantar Midil, ya karanta takardar da ke naɗe a ƙasa da kansa. Manjo ne, a runduna ta musamman. Ya je Darfur sau biyu. Lambar ƙarshe ta wata gada ce da ya tsare da mutum tara, tun safe har la'asar, sai da mutanen gari guda suka gama haye ta.

"To, Kulu, me ya hana ku faɗa? An fa ƙaurace muku a banza!"

"Matarsa Rukayya da 'ya'ya biyu ba su kai ga gadar ba," in ji ta. "Suna can a hannun mutanen. A matar mai kifi suka san ta, shi ya sa take numfashi. Da likita ya ce ba sauran dabara, shi ya roƙi manyansa a kawo shi gida, kada soja ko ɗaya ya biyo baya. In magana ta shiga kasuwa, motocin kifi za su kai ta can kafin mu yi sadakar uku."

Malam Nababa ya daɗe yana duban hoton. Sa'an nan ya rufe gwangwanin, ya mayar ta ƙarƙashin asabari. Ya yi niyya, ya fara da dama, a hankali, yana kauce wa ɗinkin kamar mai shi zai ji zafi.

Da ya fito, idanu suka yo kansa.

"Yaya, Malam?" in ji Sabo. "Akwai harbi a jikinsa ko babu?"

Kalma uku kawai, "Manjon soja ne," za ta isa a cika filin nan da sahu, har a aika Tofa a kira mutane. Malam Nababa ya dubi bakin Sabo, ya dubi sauran fuskokin, bai san ta wace kafa magana za ta fita ba.

"Na wanke Musulmi," ya ce.

"Ba abin da na tambaya ba ke nan."

"Uban naka ma ni na wanke shi, Sabo. Ka taɓa jin abin da na gani?"

"Shirun nan naka ai amsa ce," in ji Sabo. Ya kaɗe rigarsa ya juya, aka bi shi da ɗaiɗai da bibbiyu, wasu suna sunkuyar da kai.

Liman ya dubi Malam Nababa ido cikin ido, ya daɗe, sa'an nan ya gyara rawaninsa ya shige gaba. Mutum huɗu suka tsaya a bayansa, Malam Nababa na biyar. Aka yi kabbara huɗu aka sallame.

Wajen ɗaukar makara, ɗaya daga cikinsu gurgu ne, don haka Malam Nababa, da shekarunsa saba'in da huɗu, ya sa kafaɗa a kusurwar baya. Hanyar maƙabarta siririya ce, ta ratsa tsakiyar gonaki, dawa ta nuna ta sunkuyo daga kowane gefe. Suka shiga a hankali, zangarniya tana shafar likkafanin, karan yana rufewa a bayansu.