Ranar da Aka Kwance Farantin Sola

Shekarar da direba ya ajiye tuƙi ya shigo gida da wani ɗan farantin sola, bai fi faɗin murfin kabad ba. Ya ɗaure shi a ƙarfen barandarsu ta hawa na biyu, ya ja waya ya cusa a soket. Matarsa tela ce, ta ɗago kai daga keke tana kallonsa.

"Baban yara, wannan ɗan tiren ne zai riƙe mana firiji?"

"Ke dai zuba ido. Yau rana ta samu aikin yi."

Ya kuwa riƙe. Da rana firiji da fanka duk a kansa suke. Kullum da safe sai direba ya goge shi da tsohuwar rigarsa, yana masa hira kamar yadda ya saba yi wa mota. Ita kuma ta riƙa tsokanarsa wai ita bai taɓa goge mata fuska haka ba.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Bayan an watse daga zaman makoki, ita ta karɓi aikin goge farantin. In ta ga ƙaramar fitilar bayan farantin ta yi kore, sai ta ji kamar gidan bai gama yin shiru ba.

Ana nan sai aka fara gini a filin da ke gabansu. Bene ya yi ta tashi har ya wuce nasu. Rana ta koma leƙo barandar da hantsi kawai, daga baya ta daina. Ta roƙi mai gidan hayar ya bari a mayar da farantin kan rufi, ya ce ba ya son a taɓa masa kwano.

Autarta ta zo ta same ta tana goge shi a cikin inuwa.

"Umma, ki bar ni in tafi da shi. Gidana rana har ta yi yawa."

"Babanki ne fa ya ɗaura."

"Na sani, Umma. Amma a nan lalacewa kawai zai yi."

Uwar ta ɗauko filaya ta miƙa mata. Wayar da marigayin ya murɗe ta ƙi kwancuwa, sai da suka haɗa hannu biyu-biyu. Autar ta yi ƴar dariya, ta ce Baba da ɗauri kamar kayan zai tsallaka ƙasa. A nan hawaye ya ƙwace wa uwar, ta juya wa autar da farantin baya.

Da motar da ta ɗauki autar da farantin ta tafi, uwar ta koma kan keke don ta ƙarasa rigar wata mata. Ta yi ta neman kafar allura ba ta gani. Tsakar rana ce, amma sai da ta tashi ta kunna fitila.