Tsagar da ke Gefen Hagu

Sati uku ke nan da aka ɗauke ta gwaji a ɗakin bincike, ran Juma'a kuma Farfesa za ta faɗi ko za a riƙe ta. Aikin ba wuya a baki. Akan sa wa ɓera maganin barci, a bugi gefen dama na kansa da ɗan ƙarfe, bayan kwana bakwai a yanka ƙwaƙwalwar falle-falle, a shimfiɗa a gilashi, a rina. Ƙwayoyin da suka mutu sukan fito baƙi, a yamutse. Ita ke ƙirga su a madubin likita.

A gilashi na sha ɗaya ta tsaya cak. Matattun sun taru a hagu, ba a daman da aka buga ba.

Ta taɓa karantawa cewa ƙwaƙwalwa kan girgiza ta bugi ɗaya gefen ƙoƙon kai. To har a ɓera? Ta ɗauki gilashin, ta nufi tsohon da ke yankan, wanda kowa ke kira Kawu.

"Kawu, don Allah duba min. Raunin ya koma hagu."

"Ya koma? A ƙafa ko a mota?" Ya ɗaga gilashin saitin fitila. "Ina tsagar?"

"Wace tsaga?"

"Au, ba a gaya miki ba? Nakan ɗan tsaga gefen hagu da allura kafin in yanka. Fallen yakan kife a ruwa kafin in ɗora shi a gilashi, tsagar ke nuna min hagu. Ga ta nan a dama, Malama mai gano sabon abu. Kifewa ya yi."

Kunya ta rufe ta. Ta koma kujerarta, amma idonta ya ƙi barin tsagar. Wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi ne jere a bakinta, a gefen da ba a buga ba. Ta duba sauran gilasan, duk haka.

Ta dawo tana in-ina. "Kawu, kada ka ji haushi. Kana tsagawa ne kafin a jiƙa ƙwaƙwalwar a maganin da ke daskarar da ita, ko bayan?"

"Kafin. Ta fi laushi." Sai ya cire tabarau. "Wato allurata ce ke baƙanta su? Kawo in gani."

Ran Juma'a tare suka shiga ofishin Farfesa, shi riƙe da gilasan, ita tana bayani kanta a sunkuye. Farfesa ta daɗe a kan madubin.

"Kawu, daga yau sai bayan an jiƙa. Ke kuma ran Litinin ki fara daga na ɗaya, ki ware min na bakin tsagar daban."